Alƙalami, Galam, Ƙalam: Daga Kartum zuwa Mai Wurno

Na yi wannan tafiya ne kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, lokacin da mutum kan shiga bas da sassafe a Mina Barri, babbar tashar Kartum, ya yi la'asar a Sinnar. Abin da ya kai ni shi ne ganin yadda Hausa ke zaune a tsakiyar Larabci, da abin da zaman ke haifarwa a aji da asibiti da kan takarda. Fagen da ke kula da wannan shi ne ilimin harshe a aikace. Masanin nahawu da harshe yake farawa, ya fayyace tsarinsa. Mai wannan fage kuwa da matsala yake farawa: yaro ya kasa karatu, likita bai gane mara lafiya ba, haruffa sun gaza ɗaukar sautin harshe. Sai ya koma ya nemo abin da zai warware ta.

Reshensa mafi tsufa shi ne koyar da harshe na biyu, kuma Kartum ta yi suna a nan. Tun 1974 aka kafa Ma'ahadin Kartum na Ƙasa da Ƙasa don horar da masu koyar da Larabci ga waɗanda ba Larabawa ba, ga kuma Jami'ar Afirka ta Duniya da ɗalibanmu suka sani sosai. Na zauna a wani ajin masu fara Larabci inda Hausawa suka fi yawa. Malamin bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, amma ya san inda ɗalibansa za su yi tuntuɓe tun kafin su buɗe baki, domin ya jera harsunan biyu ya gwada su, hanyar da Robert Lado ya yaɗa a 1957.

Bahaushe yana shiga Larabci da jari. Ya riga ya san dogon wasali da gajere, don haka madda ba ta ba shi wahala. Yana bambanta kai da ke, saboda haka anta da anti ba baƙi ba ne gare shi. Ƙ ɗinmu ba daidai yake da ƙaf ɗin Larabci ba, amma ya isa ya raba ƙalb, zuciya, da kalb, kare. Inda ƙafa ke zamewa shi ne ainun da hamza: alam da ainun tuta ce, da hamza kuwa raɗaɗi. Haka sin da sadi, inda saif ke zama takobi ko bazara. Malamin ba ya cewa a furta su a makon farko. Kalmomi biyu-biyu yake karantawa, ɗalibi ya nuna wadda ya ji, don abin da kunne bai raba ba harshe ba zai raba shi ba.

Jinsi ya fi sauti wahalar gyara. Hannu da ido da kunne duk maza ne a Hausa, a Larabci kuwa mata, sai ka ji ɗalibi ya ce haza yadi maimakon hazihi yadi, wato wannan hannuna ne. Ƙofa da kujera mata ne a wurinmu, bab da kursi maza. Ga jam'in abin da ba mutum ba, wanda Larabci ke ɗauka a matsayin mace tilo, alhali mu sababbin littattafai muke cewa. Dabarar da ta biyo bayan ta Lado, wadda Pit Corder ya assasa a 1967, ita ce a tattara rubutun ɗalibai, a ware kurakuran gida-gida, sannan a miƙa wa ɗalibi jimlarsa ba tare da an nuna masa komai ba. In ya gyara da kansa, suɓutar alƙalami ce, a wuce. In ya duba ya ce daidai ne, to wata ƙa'ida ce ya gina a kansa, kuma ita ce darasin gobe. Malamin da ke jan jar biro a kan komai bai raba waɗannan biyun ba, shi ya sa yake gyara abu ɗaya har ƙarshen zango.

Daga Kartum zuwa Wad Madani kusan kilomita 190 ne, hanyar tana bin Bahar Azrak, reshen Nilu da ya gangaro daga Habasha. Gonakin Jazira ne ido ke gani, waɗanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925, kuma aikin audugarsu ya tsayar da dubban mutanenmu da suka fito da niyyar Makka. Da magariba a Madani hayaƙin agashe ke tashi, wato tsirenmu, kuma Balaraben Sudan bai san shi da wani suna ba sai wannan na Hausa. A bakin tukubar hira kan fara da Hausa, tamam da ya'ani da halas su ratso, in an zo kan kuɗi a koma Larabci gaba ɗaya. Ba lalacewar harshe ba ce, kowane harshe da inda aka ajiye shi. Masu nazarin walwalar harshe abin da suke bi ke nan: wa ke magana da wa, da wane harshe, a kan me.

A wani ƙaramin asibiti na ga inda wannan rabo ke zama haɗari. Wata tsohuwa ta zo da jikanta ya yi mata tafinta. Ta ce shawara ce ke damunta. Yaron, wanda Hausarsa ta gida ce kawai, ya gaya wa likita cewa kakarsa shawara take nema. Wata ma'aikaciya Bahaushiya ce ta tsoma baki: "Iya, farin idonki ne ya yi rawaya?" Ta ce ƙwarai. Ciwon da Larabci ke kira yaraƙan take nufi. Irin wannan ne ya sa tafinta ya zama reshe mai ƙa'idoji: a faɗi jimla ɗaya a tsaya, tafinta kada ya taƙaita ko ya ƙara, a ƙarshe mara lafiya ya maimaita da bakinsa ƙwaya nawa zai sha, sau nawa, kwana nawa. Kuma kada a sa yaro, domin akwai abin da kaka ba za ta faɗa a gaban jikanta ba.

Mai Wurno tana kudu da Sinnar kaɗan, a bakin kogi. Sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ta ɗauka, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya; shi Bellon ne ya ci gaba da hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Fulatanci da Hausa da Larabci duk ana jin su a kasuwarta, kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya yi nazari mai zurfi kan yadda harsunan biyu suka saje da Larabci a Sudan.

Wani malamin firamare ya ɗaga mini biro ya ce, "Ustaz, wannan abu suna uku gare shi a kan ɗalibina." A gida alƙalami ne, a titi galam, a littafi ƙalam. Larabcin titi daban, na littafi daban, yanayin da Charles Ferguson ya bayyana a 1959. Ɗan Balarabe mataki ɗaya yake hawa ranar da ya shiga aji, ɗan Bahaushe biyu. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce duk harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, amma magana a takarda ba ta zama littafin aji ɗaya sai an yi manhaja, an horar da malami, an biya kuɗin ɗab'i.

Illar tana fitowa a jarrabawa. Yaro ya faɗi lissafi, a ce ba shi da ƙoƙari. Malamin kan karanta masa tambayar da Hausa, in ya amsa daidai, to Larabci aka auna, ba lissafi ba. Haka ake yi kafin a ce yaro yana da larurar magana: a saurare shi a harsunansa duka. Larura ta gaske tana bin sa har cikin harshen uwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ajami. Wani dattijo ya ciro waƙar wa'azi da aka zo da ita daga yamma, da rubutun Warshu, ya miƙa wa jikansa ɗan sakandare. Yaron ya iya Larabci, ya ji Hausa, amma ya cije. A wannan rubutu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, shi kuwa a makaranta mai ɗigo ɗaya a sama fa ce. Da aka nuna masa ƙaf ce, sai ya furta ta yadda ake yi a titi, ƙasa ta koma gasa. Harafin da muke rubuta c da shi, s ya karanta. Wasulanmu biyar ne, na Larabci uku: e ɗigo ake sa mata a ƙasa, o kuwa rufu'a ɗaya take sha da u, sai mai karatu ya gane daga ma'ana. A lokacin, Cibiyar Yusuf Alhalifa da ke Jami'ar Afirka tana aikin daidaita rubuta harsuna da harafin Larabci, kuma ga Hausawan Sudan ina ganin nan ne mafita, tunda da wannan harafi suke karatu, bokon Hausa kuwa ba a koyar da shi a makarantunsu.

Kafin in bar garin na gwada auna ƙarfin harshen a gidaje. Tambayar "kana jin Hausa?" ba ta da amfani, domin wani zai ƙara don alfahari, wani ya rage don gudun a kira shi baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa. Sai dai a tambayi kaka da uwa da ɗa, kowa daban, harshen da yake yi da na sama da shi, da sa'ansa, da na ƙasa da shi. Bayan haka a rufe littafi a zauna a zaure a saurara. A gidan da na sauka, uwa ta kira 'yarta da Hausa ta aike ta, yarinyar ta amsa da Hausa, tana fita ƙofa ta kira ƙanenta da Larabci ya raka ta.