Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran motar unguwa

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin da ke kula da motar ɗaukar marasa lafiya ta unguwarmu, muna miƙa godiya ga iyayenmu da 'yan uwa maza da mata da suka ba da gudummawa har aka canza lagireton da ya tsage. Mota ta koma bakin aiki. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar wa kowa da ninkin abin da ya fitar.

Da yake kuɗin jama'a ne, ga bayanin abin da aka yi.

Motar Toyota Camry ce ta 1998, mai silinda huɗu, giya atomatik. Tsakiyar lagiretonta alminiyam ne, tankin sama da na ƙasa kuwa roba. Na saman ne ya tsage dab da wuyan murfi, ɓangaren da ruwa mafi zafi ke shigowa daga injin. Robar da asalinta baƙa ce ta koma ruwan ƙasa, da an kankare da farce sai ta marmashe. An ba da shawarar a liƙe da gam. Godiya ta musamman ga Baba, dattijon bakaniken layinmu, da ya ce sam. Robar da ta riga ta toye ba ta riƙe gam, kuma matsin da murfi ke tsarewa zai buɗe gefen duk inda aka liƙe.

A ƙofar gida aka yi aikin, da sassafe, injin na sanyi ƙalau. Sifana 10 da 12, filaya, sukudireba da daro, su ne kayan aikin. An cire kan batir, aka kwance ɗan famfon roba na ƙasa ruwa ya tsiyaye a daro. Sai tiyon sama da na ƙasa, soket ɗin fankoki biyu, da ƙananan tiyo biyu na man giya, waɗanda aka toshe da noti mai tsabta don kada mai ya zube ko ƙura ta shiga. Da aka kwance maƙalai biyu na sama, mutum biyu suka zaro lagireton a miƙe tare da fankokin, suna kiyaye na'urar AC da ke gabansa. A lura da robobi biyu da yake zama a kansu. Sukan bi tsohon, a manta da su, sabon ya riƙa gogar ƙarfe har ya huje.

Mun gode wa matasan da suka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ɗauke da tsohon a hannu, aka gwada shi da sabon baki da baki. Na mota mai giyar hannu ba shi da bututun man giya, kuma a ido kusan ɗaya suke. Sun haɗo da sabon murfi mai lamba 0.9 (ma'aunin matsin da yake tsarewa), da tiyon sama, don tsohon ya kumbura, da tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan injin ya yi zafi, mai buɗewa a digiri 82. Mun san da yawa kan cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ba mu bi wannan ba: injin da ba ya kai zafinsa ya fi shan mai, ya fi saurin ci.

Motar tana ɗaukar ruwa kusan lita 7. An zuba rabi kulant (ruwan sanyaya injin), rabi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Ruwan burtsatse na barin gishiri da tsatsa, su ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. An murɗa hita zuwa zafi, aka bar mota a sulo murfi a buɗe, ana matsa tiyon sama har iska ta daina fitowa, fanka ta tashi da kanta. Sannan aka duba man giya injin na aiki, aka cike da man giya nau'in Dexron III.

Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, bai ƙone ba. Babu kumfa mai ci gaba da tasowa a wuyan lagireto, babu farin hayaƙi a salansa, baƙin mai bai koma kalar shayi da madara ba. Wannan albarkacin direban ne da ya kashe mota da zarar allurar zafi ta haura, maimakon ya ce bari ya ƙarasa. Malam, mun gode.

Godiya ga iyayenmu mata da suka aiko da koko da ƙosai, suka kuma tsare yara da awaki daga daron. Kulant zaƙi gare shi, kuma guba ne mai lalata ƙoda. An juye tsohon a jarka an rufe.

Ga direbobi: har mako guda a duba gorar ruwa kowace safiya kafin a tayar, ruwan ya tsaya tsakanin layuka biyu, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga. Kada a buɗe murfi da zafi. Rasit ɗin kayan yana wajen ma'aji ga mai son gani.

Kwamitin motar unguwa