Zangon jirage a Mindelo da lakar bakin kogin Yamai

Jiya da la'asar na sauka bakin kogi, can ƙasan gadar Kennedy, don in duba injin wani jirgi da ya ƙi tashi. Ina tsugune cikin laka har idon sawu sai ga wata dattijuwa za ta shiga kwale-kwale da buhun shinkafa, jikanta ya riƙe mata hannu, ta tattare zane ta taka ruwa, jirgin na ta rawa, babu abin takawa babu abin kamawa, sai da mutum biyu sunka tallabe ta kafin ta zauna tana haki tana salati. Tun daga nan hankalina ya koma Mindelo, wani garin bakin teku a ƙasar Kap Ber, da na iso gida na ce yau kam sai na rubuta abin nan da na daɗe ina ɗauke da shi a ciki.

Ni ɗan Tawa ne, a lambunan albasa na koyi gyaran injin ban-ruwa, daga baya na dawo Yamai na fara taɓa injin jirgi tunda duka dangin juna ne. Yayana ya daɗe a Kap Ber yana saida ma masu yawon buɗe ido kayan fata da azurfar Agadas, shi ne ya matsa mani in zo in ga wuri, na tahi ƙarshen 2022 na yi wata huɗu a can. Lokacin muna cikin CEDEAO ba a neman biza, daga Yamai zuwa Dakar, Dakar zuwa Praia babban birnin ƙasar, sannan ƙaramin jirgin sama ya kai ni tsibirin Sao Vicente inda garin Mindelo yake. Ƙasar tsibirai 10 ce, 9 ke da mutane, wajen kilomita 570 yamma da Dakar a tsakiyar teku.

Washegari da safe Yaya ya ce tashi mu tahi marina. Ni a kunnena marina wurin rini ne, ramukan baba da masu bugu, har na tambaye shi ashe su ma suna rini a nan? Ya ce zo dai ka gani. Da munka isa sai na ga jirage farare tas sun fi ɗari a jere kamar dawakin sarki a turke, kowanne da doguwar sanda tsaye a tsakiyarsa wadda ake ɗaura ma ƙyallen da iska ke turawa, igiyoyin ƙarfe na bugun sandunan suna ƙara kamar an saki ƙararrawa dubu. Marina a wurinsu masaukin jiragen shaƙatawa ne, waɗanda masu su ke tuƙawa da kansu, wani da matarsa, wani da ƴaƴansa ƙanana, wani ma shi kaɗai.

Na ɗauki kwanaki kafin in gane mi ke tara su a wannan tsibiri da ko itacen kirki babu, duwatsu ne jajaye da ƙura kamar ka bi hanyar Abalak da rani. Abin da ya buɗe mani ido shi ne ayarin gishiri. Duk wanda ya san yadda raƙuma ke tashi daga Ayar wajen Oktoba su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ya san ba a shiga sahara sai an tsaya a rijiyar ƙarshe, a cika salka, a ɗaure harawa, madugu ya duba kowace dabba. To Mindelo ita ce rijiyar ƙarshe ta masu ratsa tekun Atlantika. Daga Nuwamba, bayan lokacin guguwar teku ya wuce, iska na kaɗowa daga arewa maso gabas ba fashi, ita ke tura su daga tsibiran Kanari su gangaro mil 850 na teku zuwa Mindelo, su huta, sannan su miƙe yamma fiye da mil 2,000 zuwa Karibiyan, sati biyu ko fiye ba ka ganin komi sai ruwa da sama. Mil ɗin teku mita 1,852 ne, kowa ya yi lissafi da kansa. Akwai ma wani ayari da ake ce ma ARC wanda anka fara a 1986 daga Las Palmas ta tsibiran Kanari, tun 2013 wani reshensa ke yada zango a Mindelo a watan Nuwamba, in sunka iso garin gaba ɗaya sai ya ɗauka. A Janairun 2023 ina can manyan jiragen tseren zagaya duniya na Ocean Race sunka tsaya bayan sun taso daga Alicante ta Sipaniya, ranar Yaya ya saida kayan da bai saida ba cikin wata guda.

Kuma wurin ba yau ya fara zama zango ba. Gaɓar da suke ce ma Porto Grande bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ya cinye, ga zurfi ga kariya, tsibirin Santo Antao ya tare ta daga arewa maso yamma. Tun wajen 1850 Ingilishi ke jibge gawayin kwal a nan don jiragen tururi masu zuwa Barazil da Afirka ta Kudu, da kwal ɗin garin ya ginu, da jirage sunka koma shan mai kuma Dakar da Las Palmas sunka janye ciniki sai garin ya kwanta. Marinar ta yanzu a 2007 anka buɗe ta.

Abin da ya fi kama ni, a matsayina na mai aikin hannu, shi ne gadojin da ake ɗaure jiragen. Ba a kan ginshiƙai suke ba, yawo suke a bisa ruwa, katako ne a sama da abin da ke hana nitsewa a ƙasa, an riƙe su da sarƙa zuwa ƙasan teku, in ruwa ya hau su hau in ya sauka su sauka, saboda haka tsakanin ƙafarka da bakin jirgi kullum taki ɗaya ne ko da safe ko da dare. A gefen gadar akwai ƴan akwatuna tsaye, kowanne da wurin jona kuran da bakin famfo. Ruwan kuwa biya ake daban don tsibirin ba shi da kogi, ruwan teku ake tace ma gishiri a sha, shi ya sa ba za ka ga mutum ya saki tiyo yana zuba a banza ba. Kuɗɗin kwana gwargwadon tsawon jirginka ne, da mita ake aunawa. Akwai wurin shan gazuwal, da makewayi da wurin wanka, da allon da ake manna labarin iska na kwanaki masu zuwa, da mai gadi dare da rana. Jirgin da ya shigo daga wata ƙasa sai ya ɗaga ƴar tuta rawaya, mai shi ya ɗauki takardun jirgi da fasfo ya kai ma ƴan sandan ruwa da na shige da fice, a rubuta daga ina, mutum nawa, zuwa ina. Kowane jirgi da rediyonsa, tasha ta 16 kuwa duk duniya an bar ta don kiran gaggawa, ba a hira a kanta.

Kar ku ɗauka wuri ne lumui. Iskar Mindelo na gangarowa daga tsakanin duwatsu da ƙarfi, jirage su yi ta fizgar igiya dare farai, igiya mai kaurin babban yatsa sai ta cinye cikin ƴan kwanaki in ba a sa mata tsumma ko guntun tiyo a wurin da take gugar ƙarfe ba. Kuma hazonmu na hunturu har can yake kai, su suna ce mashi bruma seca, wata safiya na tashi ban ga dutsen Monte Cara ba, wanda ke kama da fuskar mutum a kwance, sai wani baƙin ciki mai daɗi ya kama ni, na ce wagga ƙura daga gida ta zo.

Wani makanike ɗan garin ne ya ɗauke ni ina taya shi, ba ma jin harshen juna sosai, shi Kiriyol ni Faransanci rabi-rabi, amma karbirato karbirato ne ko a ina. A nan na ga yadda jirgi ɗaya ke ciyar da gidaje. Mai ɗinkin ƙyallen iska ya samu, mai walda ya samu, yaron da ke nutso ya kankare ƙwarin da ke manne ma cikin jirgi ya samu, mata masu wanki sun samu, mai taksi, mai cika tukunyar gaz, masu tumatir da ayaba a kasuwa, don mai shirin sati uku a teku ba ya sayen kilo ɗaya. Kuɗɗinsu eskudo a ɗaure yake da yuro kamar sefarmu, 110 a yuro guda, wato eskudo ɗaya kusan sefa 6. Ba zan ce kowa na cin moriya ba, akwai ƙofa mai kati tsakanin gadojin da titi, kuma ƴan taku kaɗan daga nan masunta ne ke jawo ƙananan jiragensu bisa yashi kusa da kasuwar kifi, samari na zaune a bakin ƙofa suna jiran wanda zai ba su aikin yini. Wannan ya dame ni kuma har yau yana damuna. Amma ko su masuntan suna da wurin da aka san nasu ne.

Bayan na dawo da wata shida labari ya zo na wani kwale-kwale da ya tashi daga Fass Boye ta Senegal a Yulin 2023 da mutum 101 za su Kanari, anka tsince shi tsakiyar Agusta a tekun Kap Ber wajen tsibirin Sal, mutum 38 kaɗai ke da rai. Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Iskar nan da ke kai mai jirgin shaƙatawa Karibiyan lafiya ita ce ke jan jirgin da mai ya ƙare mashi zuwa inda babu kowa, teku ɗaya, iska ɗaya. Mu ƴan Adar mun san tahiya, kusan babu gidan da ba shi da wani a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, shi ya sa abin ya taɓa ni kamar ƴan unguwarmu ne a ciki. Mai jirgin shaƙatawa an duba injinsa, an rubuta sunansa, an san ranar da ya kamata ya isa, in bai isa ba a tashi nema. Na kwale-kwalen kuwa ko adadinsu sai daga bakin waɗanda sunka tsira.

To ba cewa nake a kawo jiragen Turawa Yamai ba, kogin ma ba zai ɗauke su ba, yashi ya cika shi, a 1985 har tsayawa ya yi da gudu a nan Yamai. Abin da nake kwaɗayi shi ne gadar nan mai yawo. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu kilomita 550, yana cika sau biyu a shekara, jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, sannan ruwan Gine da ke isowa cikin sanyi, daga nan ya janye har Mayu da Yuni ka ga shanu na ratsawa. A Satumban 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, mutanen Lamorde da Saga ba za su manta ba. Matakalar siminti a irin wanga kogi rabin shekara tana cikin ruwa rabin shekara tana nesa da ruwa, amma abin da ke hawa da sauka tare da ruwan kullum yana daidai. Kuma ba wani abin sihiri ba ne, durom na roba ne da ƙarfe da katako da sarƙa, masu waldar kasuwar Katako za su haɗa shi cikin sati. A sa ɗaya a nan, ɗaya a Bubon inda ranar Laraba jirage ke cika da tukwane da mutane da awaki don kasuwa, ga tsibirin da baƙi ke zuwa hutawa, ɗaya a Ayoru, har tabkin Tabalak namu na Tawa zai so guda. A ajiye rigunan ceto a rataye, a ajiye kaye da biro a hannun mutum ɗaya da zai rubuta jirgin wane, mutum kaza, ya tashi ƙarfe kaza. Kowane jirgi ya bada dala goma ko ashirin a rana don mai gadi da gyara, don abin da na gani a Mindelo shi ne kullum akwai wani da guduma yana bin katakon nan ɗaya bayan ɗaya, ranar da anka daina bi ranar ya fara mutuwa.

Injin jiyan ma ruwa ne ya shiga esansi, a kwalba ya saye a buɗe bakin kogi. Da na wanke karbiraton ya tashi, sai na zauna da mai jirgin, dattijo ne basarke da ya fi shekara arba'in a kan ruwa, na ciro salula na nuna mashi hotunan gadojin. Ya daɗe yana kallo yana matsar da hoton da yatsa, can ya ce "ɗana, in dorina ta zo ta goga jikinta fa?" Na ce Baba wannan kam ku za ku faɗa mana inda ba ta bi. Ya yi dariya ya ce sarƙar ce abin ji, don ruwan Satumba ba ya wasa, sai an binne ƙarfen da nisa can kan tudu, kuma kar a sa ta inda kainuwa ke taruwa. Ya kira wasu matuƙa biyu sunka zo sunka duba, ɗaya ya ce durom goma sha biyu za su isa a fara, ɗayan ya ce sha shida.

Mun yi da su ranar Lahadi bayan azahar zan koma da mita da wani abokina mai walda mu auna daga tudu zuwa inda ruwa ke tsayawa da rani, Baba ya ce shi zai yi ma sarkin ruwa magana kafin nan. Gobe da safe zan biya Katako in ji kuɗɗin durom.