Kwana Shida a Kan Sirdi Saboda Haƙoran Wasu

Tambayar da ta fara tare ni, lokacin da na sanar da cewa zan tuƙa keke daga birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam zuwa Siyem Rif a Kambodiya domin tara wa wata ƙungiyar agaji kuɗin kula da haƙoran marasa ƙarfi, ba ta shafi ƙarfin ƙafafuna ba. Wani abokin aikina ne ya dube ni ya ce, "To, mu za mu biya maka kuɗin yawon buɗe ido ke nan?" Na ji zafin maganar, amma da na koma na karanta takardun shiga da kyau, sai na tarar yana da gaskiya. Masu shirya irin wannan tafiya kan ba da zaɓi biyu: ko mutum ya tara wani adadi da aka ƙayyade a cire kuɗin jirgi da masauki daga ciki, ko ya biya wa kansa komai, abin da ya tara kuma ya tafi ga aikin dungurungum. Na ɗauki na biyu, duk da cewa ya sa na ɗaga tafiyar da shekara guda kafin in haɗa kuɗin, kuma daga ranar da na iya cewa ko kwabo ba zai shiga aljihuna ba, roƙon ya daina yi mini nauyi a baki.

Shawo kan mutane cewa haƙori ya cancanci sadaka shi ne aiki na biyu, domin da yawa suna ganin ciwo ne da ake daurewa har ya wuce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu na cikinsu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. Sai dai na lura alƙaluman ba su cika motsa kowa ba. Abin da ya buɗe hannun mutane shi ne bayanin yadda ake cike ƙaramin kogon haƙori da kayan hannu zalla, ba wutar lantarki, ba injin huda haƙori, dabarar da aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, wadda ke sa a iya duba yara a cikin ajin makarantarsu tun kafin ruɓewar ta kai ga cirewa.

A wajen atisaye na yi kuskuren da sababbi suka saba yi. Nakan yi doguwar tafiya sau ɗaya a ƙarshen mako in huta kwana shida, ina ganin na shirya, alhali abin da ke jirana shi ne in hau keke da asuba a kan gajiyar jiya, kwana shida a jere. Hanyar ba ta da tudu sosai, domin yankin bakin kogin Mekong shimfiɗaɗɗe ne, gonakin shinkafa da ƙananan gadoji da jiragen fito da ke ƙetarar da mu da kekunanmu. Zafi da gumi ne suka gallabe ni, sai kuma sirdi. A rana ta uku fatar cinyata ta saɓule har zama ya gagara, na yi kilomita talatin na ƙarshe a cikin motar da ke bin mu a baya, ina kallon waɗanda suka girme ni suna taka feda a natse. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ke cikin ayarin ce ta sa makanike ya rage mini tsayin sirdin, ta kuma ce in riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Ita ce kuma ta nuna mini abin da har yau yake ba ni dariya. Mu da muka fito domin ceton haƙora, muna wuni muna kurɓar ruwan ƙarin kuzari mai sukari da tsami kowane minti goma sha biyar, alhali yawan maimaita sukari a baki shi ne ke ba ƙwayoyin cuta damar fitar da tsamin da ke cin bayan haƙori ba tare da yawu ya samu sararin gyarawa ba. Daga ranar na koma ɗaukar gora biyu, ina kurkure baki da ruwa zalla bayan kowace kurɓa.

Mun isa Angkor Wat, tsohon wurin ibada da ke kusa da Siyem Rif, da hantsin rana ta shida, aka yi hotuna a gaban ginin da ya tsaya tun ƙarni na 12. Bayan wata bakwai ƙungiyar ta aiko da bayanin yadda aka kashe kuɗin, wanda sai da na rubuta musu sau biyu kafin ya iso. Kaso mafi girma ya tafi ga horar da ma'aikatan lafiya na yankin da sayen man goge baki mai sinadarin fuloraid da ke kare haƙori daga ruɓewa, saura kuma ga kayan ciko. Na tura wa duk wanda ya ba da gudummawa kwafinsa, na fara da abokin aikin nan nawa.