Laraba a ɗakin gwanjo: dogayen agoguna huɗu da akwatuna uku

An buɗe ƙofa ƙarfe 8:30 na safe, gwanjo kuma sai ƙarfe 11, wato awa biyu da rabi ke nan na duba kaya. Wurin tsohon sito ne a wani ƙaramin gari na Yorkshire da ke arewacin Ingila, sanyin cikinsa har ya fi na waje. Kayan aikina ba su da yawa: tocila, awon tela, ƙaramin madubi, sai ɗan ƙanena da ya zo da motar ɗaukar kaya.

Dogayen agogunan suna jere a jikin bango, irin waɗanda Turawa ke kira agogon kaka. Kowanne ya fi mutum tsawo, kuma kashi uku ne: hula inda inji da fuska suke, gangar jiki inda lilo da duwatsun nauyi masu jan inji ke rataye, sai gindi. Tsawon nan ba ado ba ne. Huygens ɗan ƙasar Holan ne ya haɗa agogo mai lilo a 1656, amma lilon farko gajere ne mai faɗin kaiwa da komowa. Sai wajen 1670 aka samu wani ƙarfe mai siffar ankar jirgin ruwa da ke sakin haƙorin giya ɗaya bayan ɗaya, ya ba da damar sa lilo mai tsawon santimita 99 da ɗoriya, wanda ke buga daƙiƙa guda cur a kowane kaɗawa. Dole a yi wa wannan lilo gida, shi ya sa agogon ya miƙe tsaye.

Na farko a layi na katakon oak ne, fuskarsa fentin fari. Akwai ramuka biyu na sa makulli a fuskar, wanda a ka'ida alamar agogon kwana takwas ce, wato mai yin kwana takwas kafin a sake yi masa wani. Da na haska tocila sai na ga zane ne kawai da baƙin fenti. Na buɗe ƙofar gangar jiki: dutse ɗaya, a kan sarƙa. Agogon awa 30 ne, wanda ake jan sarƙarsa kullum. Ba zambar yau ba ce, tun asali haka ake yi wa wasu, don mai gidan ƙauye ya ga agogonsa ya yi kama da na masu hali. Na kwana takwas na gaske duwatsu biyu gare shi, kowanne wajen kilo 6, ɗaya na tafiyar lokaci ɗaya na buga ƙararrawa, kuma in ka leƙa ramin za ka ga kan ƙarfe mai kusurwa huɗu inda makulli ke shiga.

Na biyu shi ne ya tara jama'a, kuma shi ya fi cinye mini lokaci. Katakon mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu, fuskar tagulla mai baka a sama, da hoton wata yana leƙowa. Faifan watan haƙora 59 gare shi da wata biyu a zane, yana matsawa haƙori ɗaya kullum, wato kwana 29 da rabi kowane wata. Watan sama ya ɗara haka kaɗan, don haka faifan kan kauce da kwana guda cikin kimanin shekara biyu da wata takwas, sai a gyara shi da yatsa. A zamanin da babu fitilar titi, sanin daren farin wata abu ne da ke da amfani ga matafiyi.

Na roƙi ma'aikacin wurin ya cire hular. Gaba ake zamo ta, kamar aljihun tebur, kuma dole wani ya riƙe gangar jikin, don agogon da ba a ɗaure da bango ba yana iya kifowa. Nan fa abin ya fito fili. Allon da inji ke zaune a kai sabo ne fil, farin katako da aka shafa wa baƙin mai. A ƙarƙashinsa, gefuna biyu na gangar jiki da ke ɗauke da allon an yi musu ƙari da guntayen katako kusan santimita 3. Na sa madubi a bayan fuska: farantin gaba na injin yana da ramuka huɗu da babu komai a cikinsu, ban da waɗanda ƙafafun fuskar ke ciki. Ma'ana wata fuska ce ta fara zama a nan. Sai na koma allon baya, inda kan lilo ke goga shekara da shekaru ya bar tabo mai lanƙwasa. Tabon yana ƙasa da inda lilon yanzu yake da faɗin hannu.

Ɗan ƙanena ya ce, "Kawu, to ai yana tafiya." Na ce tafiya kam yana yi, amma haɗin gambiza ne: fuska daga wani gida, inji daga wani, gangar jiki daga na uku. Dillalan nan aure suke kiran irin wannan. Aure ba laifi ba ne in an faɗa, kuma in farashin ya nuna hakan. Abin da ke damuna shi ne mutum ya biya kuɗin sunan da ke rubuce a fuska, alhali mai sunan bai taɓa ganin injin da ke bayanta ba. Littafin gwanjon bai ce asali ne ba, bai kuma ce haɗi ne ba. Kaya ana sayar da su ne yadda aka gan su, duba yana wuyan mai saye.

Na uku ban daɗe a kansa ba. Gindinsa gajere ne fiye da ƙima, an datse shi. Sanadin ɗaya ne cikin biyu: ko rufin ɗaki ya yi ƙasa aka rage masa tsawo, ko ruwan wankin daɓen dutse ya ruɓar da ƙafafun. Na shimfiɗa baƙar takarda a ciki na ɗan bubbuga allon baya, sai ga gari fari-fari kamar na masara yana zubowa. Tsofaffin ramukan ƙwaro baƙi ne a ciki, ba su da gari. Wannan ƙwaronsa na raye, kuma duk wanda ya kai shi gida zai raba wa sauran kayan ɗakinsa.

Na huɗu ba shi da ado ko kaɗan, oak ne da ɗan layin mahogani a gefen ƙofa, farar fuska mai inci 13, kwana takwas. Shi ne ya cika mini ido. Allon injin tsoho ne, launinsa ɗaya da na gangar jiki, ramukan ƙusa sun dace. Fuskar ta cika tagar hula daidai, ba gibi ba rufewa. Tsakanin fuska da inji akwai farantin baƙin ƙarfe da sunan Wilson na Birmingham a jiki. Wannan ya taimaka wajen kintatar shekaru: Osborne da Wilson suka fara tallar farar fuska a 1772, suka rabu a 1777, Wilson ya rasu a 1809. Agogon yana tsakanin 1777 da 1809 ke nan.

Yana da ciwonsa. Na matsa babbar giya da yatsa gaba da baya, sai na ga kan sandar giya ta uku yana rawa a raminsa. Ramin ya zama ƙwai saboda tsohon mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar sabulun goge ƙarfe. Maganinsa a faɗaɗa ramin a dasa sabon zoben tagulla. Wani a baya ya bi hanyar ganganci, ya daddoki gefen wani ramin da ƙusa don ya tsuke, tabon yana nan. Leɓunan ankar ma sun yi ɗan kwari inda haƙora ke bugawa. Tsirkiyar da duwatsu ke rataye a kai ta hanjin dabba ce, ta fara sausaucewa, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne: dutsen kilo 6 in ya tsinke daga sama, fasa gindin agogon yake yi. Akwai kuma ɗan farin ƙashi a bakin ramin makullin ƙofa. Na tambaya, domin tun Yunin 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikin hauren giwa, sai wasu kaya kaɗan, kamar kayan da aka yi kafin 1947 wanda hauren bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma aka yi masa rajista. Suka ce ƙashi ne, kuma da na duba da kyau na ga ɗigo-ɗigon baƙi irin na ƙashi.

Saura rabin awa na koma kan akwatuna. Babbansu na Louis Vuitton ne, mai tambarin da aka fito da shi a 1896. Kamfanin ya fara a Faris a 1854, kuma abin da ya ɗaukaka shi shimfiɗaɗɗen murfi ne da ya fitar a 1858, wanda ya sa ake iya ɗora akwati kan akwati a jirgin ƙasa da na ruwa. A irin wannan ana duba lambar da ke jikin makulli, takardar da ke manne a ciki, da sunan da aka buga a kan ƙusoshi. Duk suna nan, sai dai wani mai shi a baya ya shafe zanen da man sheƙi irin na katako, ya kuma sauya shimfiɗar ciki. Gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya shi ke rage wa irin waɗannan kaya daraja. Na biyu akwatin kafur ne irin wanda ake kawowa daga Sin, an rufe shi da fata da ƙusoshin tagulla. Ana buɗewa ƙamshin ya taso, shi ne ke korar asu daga tufafi. Fatar ta bushe ta tsattsage a kusurwoyi.

Na uku baƙin akwatin ƙarfe ne, irin adakar da muka sani. An yi shi don ƙasashen zafi, murfinsa yana da leɓe mai shiga ciki don hana gara da laima. A gefensa akwai ragowar takardar kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda a da yake jigila tsakanin Liverpool da Legas, da wata da ke cewa ba a buƙatar akwatin a lokacin tafiya, wato a kai shi cikin jirgi can ƙasa. Irin waɗannan ne ma'aikatan mulkin mallaka ke sauka da su a Legas su hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Na juya shi, domin akwatin ƙarfe daga ƙasa yake mutuwa. Tsatsa ta ci kusurwa ɗaya har hasken tocila na wucewa. Takardun nan kuwa kada wanda ya kankare su, su ne rabin darajarsa.

Gwanjon kansa sauri gare shi, kaya ɗaya bai cika cin minti guda ba. Agogon awa 30 ya tafi a fam 90. Mai ƙwaro ba wanda ya taya. Haɗin gambizan nan ya kai fam 1,100, tsakanin mutum biyu da ke tayawa ta intanet, waɗanda hoto kawai suka gani. Akwatin Vuitton masu waya suka yi ta ja har ya wuce dubbai. Agogo na huɗu ya tsaya a hannuna a fam 320. Wannan ba shi ne kuɗin ba: la'adar gidan kashi 25 cikin ɗari ce, fam 80, sai harajin VAT kashi 20 a kan la'adar, fam 16. Jimla 416, kuma wankin inji da dasa zobba zai iya kai haka ko ya fi. Shekara talatin da suka wuce irinsa ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Gidajen yanzu ƙanana ne, masu sha'awar duhun katako kuma sun ragu.

Kwance shi yana da tsari, kuma ba a tsallake mataki. Duwatsu aka fara saukewa, na rubuta hagu da dama a jikinsu da alli, muka riƙe tsirkiya a miƙe muka manne ta da tef a jikin gangunanta don kada ta harɗe cikin giya. Sai hula. Sai lilo, wanda ake ɗagawa kaɗan a zare shi ta baya a hankali, don siririn ƙarfen da yake rataye da shi bai fi kaurin reza ba, lanƙwasa ɗaya ya gama. Inji da fuska suka shiga kwali a tsaye, gangar jiki ta kwanta a kan bayanta bisa bargo.

Bayan magariba muka tsayar da shi, muka ɗaure allon baya da bango da sukuru ɗaya. Da aka kaɗa lilo sai ya riƙa ɗingishi, bugu ɗaya gajere ɗaya dogo, bayan minti biyar ya tsaya. Na lanƙwasa sandar da ke tura lilon kaɗan zuwa gefe, na saurara, na ƙara, har bugun ya daidaita. Ban sa masa mai ba sai an wanke shi, kuma ko a lokacin ɗigo ne a ramukan sanduna da leɓunan anka, haƙoran giya ba sa son mai. Na saita shi da agogon waya ƙarfe 9 daidai. Gobe war haka zan duba: in ya yi baya a ɗaga notin da ke ƙasan lilo, in ya yi gaba a sauke shi, kowace milimita ɗaya tana sauya kimanin daƙiƙa 43 a yini.