Kafin ku mayar da Dracula fim ɗin barkwanci, ku ji inda na yi tuntuɓe

Ƙannena masu shirya 'yan finafinan barkwanci da waya kuna ɗorawa a YouTube, yau da ku nake. Shekaranjiya wani yaro ya turo min saƙo wai shi da abokanshi suna so su ɗauko tsohon labarin ban tsoro na Turawa su mayar da shi barkwanci mai dogon zango, ya ji an ce na taɓa yi. Eh na taɓa yi, kuma bai yi kyau ba. Kashi takwas muka ɗauka, biyar muka saki, sauran ukun har yau suna cikin kwamfutata ban ma iya buɗe su, don kuɗin mutane da lokacinsu ne suka tafi a ciki kuma ni na ja su.

Irin labaran nan su ake kira gotik, sun faro ne a Ingila tun 1764 da littafin Horace Walpole, tsohon gida mai ɗakuna barkatai, dare, kabari, wani sirri da iyali suka binne ya ƙi binnuwa. Mu Dracula muka zaɓa, labarin wani dodo mai shan jinin mutane, na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897.

Kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran, ban karanta littafin ba. Wallahi ko shafi ɗaya. Abun da na sani duk daga finafinai ne da hotunan intanet, baƙar alkyabba mai jan ciki, haƙoran roba, jan kala a gefen baki. Kashi na biyu gaba ɗaya mun gina shi ne a kan wai rana na ƙona shi, yana ta gudu daga inuwa zuwa inuwa. Sai daga baya na gano a littafin mutumin nan da rana tsaka yake yawo a titin Landan, ƙarfinshi ne kawai ke raguwa. Maganar rana ta kashe shi daga wani fim ɗin Jamus ta fito, Nosferatu na 1922. Kuma wannan fim ɗin ku riƙe labarinshi, don labarin Dracula suka ɗauka ba su nemi izini ba, matar Stoker ta kai su kotu aka yanke hukuncin a lalata kwafin, Allah ne ya sa wasu suka tsira. Yanzu littafin ya zama na kowa, marubucin ya rasu tun 1912, ba wanda zai tambaye ka ko sisi. Amma kiɗa da hotunan da kamfanonin fim suka yi daga baya da masu su. Mu mun ɗebo kiɗan wani fim muka liƙa a kashi na uku, kwana biyu aka sauke shi saboda haƙƙin mallaka, kuma laifinmu ne.

Sai bayan komai ya watse, kusan shekara, na zauna na karanta littafin a waya, da ƙamus a gefe don Turancin tsoho ne. Abun da na fara gani ya sa na ajiye wayar na yi shiru. Ashe babu mai ba da labari a ciki sam. Littafin duk tarkacen rubuce-rubucen mutane ne, wannan yana rubuta abun da ya same shi kullum a ɗan littafinshi, waccan tana aika wa ƙawarta wasiƙa, ga yankin jarida, ga rajistar kyaftin ɗin jirgin ruwa da ma'aikatanshi ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ga likita da ke naɗar muryarshi a na'ura maimakon rubutu, sannan Mina, ɗaya daga cikin mutanen labarin, ta tattara duka ta buga a tafireta don kowa ya karanta. Ku faɗa min, wannan ba shi ne bois not da guruf ɗin WhatsApp ba? Tsarin da muke ta wahalar nema yana nan a kwance tun 1897. Wasu 'yan Kanada sun gane haka, a 2014 suka ɗauki Carmilla, labarin wata mai shan jini da Sheridan Le Fanu ya fitar a 1872, suka yi zangon farko kashi 36 da kyamara ɗaya tal a kan teburin wata ɗaliba a ɗakin hostel, kowane kashi 'yan mintuna. Mu kuwa mun kama hayar tsohon gida, mun yi hayar janareta, mun ƙona gawayi da turare don hayaƙi har ɗaya daga cikin 'yan wasan ta kama tari, ƙarar janaretan kuma ta cinye rabin maganganun. Kowane kashi minti ashirin da wani abu, wa zai ƙona datarshi?

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babban abun da ya kashe mu shi ne mun mayar da Dracula wawa. Yana zamewa ya faɗi, yana tsoron sauro, yana rigima da mai shayi a kan canji. Kashi na farko an yi dariya, gaskiya an yi. Daga nan shikenan, tunda ba mai tsoronshi ba abun da zai sa ka dawo ka ga me zai faru, ya zama ɗan kwamedi ne kawai da haƙoran roba, kuma irinsu sun fi dubu.

Ku je ku karanta farkon littafin ku ga inda dariyar take. Jonathan Harker ƙaramin lauya ne, sabon shiga, ogansa ya tura shi Tiransilbaniya, wani yanki a ƙasar Romaniya ta yanzu, ya kammala wa wani attajiri, wato Dracula, cinikin gida a Ingila. A hanya ya ci wata kaza da aka dafa da jan barkono, ta yi mishi daɗi, sai ya rubuta wai ya tuna ya karɓo wa budurwarshi Mina yadda ake dafawa. Matar mai masaukin da ya sauka tana kuka tana roƙonshi kar ya je, har ta cire sarƙar gicciyenta ta rataya mishi a wuya, shi kuma abun da ke ranshi aiki ne, an aiko shi ba zai koma ya ce ya fasa ba. Duk mun san wannan yaron. Shi ne wanda ya samu aiki bayan shekara uku yana zaman jira, ko dillalin da ya hango la'ada, ko gidan na ci da wuta sai ya sa hannu a takarda. Sai wurin da ya fi tsaya min a rai, wata rana ya leƙa ya ga mai gidan, babban mutum mai sarauta, shi da kanshi yake gyara mishi gado, daga baya kuma ya hango shi ta tsagar ƙofa yana jera kwanuka a tebur. Ka yi dariya tukuna, dodo guda yana shimfiɗa zanin gado yana ɓoyewa kar baƙo ya gani. Kafin dariyar ta sauka sai cikinka ya ɗuri ruwa, don ma'anarta duk faɗin gidan nan ba bawa ba kuku ba kowa, daga shi sai shi, kuma ƙofofi a kulle. Dariyar da tsoron a abu ɗaya suke zaune, in ka cire tsoron ita ma ta bi shi. Dodon ku bar shi da kwarjininshi, kar ya taɓa sanin yana cikin barkwanci. Mutanen da ke kewaye da shi, masu ƙoƙarin nuna ladabi da kare aikinsu da cewa ai ba komai, su ne za su ba ku dariyar.

Akwai kuma wani abu da har yanzu nake jin nauyinshi. Don mu kawo labarin gida sai muka riƙa kiranshi maye. Wata gwaggona ta kalla, ba ta yi dariya ba, ta ce min kai ka san abun da kalmar nan take yi wa mutum kuwa? Ta tuna min da wata tsohuwa da aka taɓa jefa wa wannan sunan, jikokinta mata suka rasa masu neman aurensu, ita kuma ta ƙare rayuwarta ba mai karɓar ko ruwa daga hannunta. A wurin Bature mai shan jini tatsuniya ce, a wurinmu maita zargi ne da ke raba zumunci har ya kai ga duka da kisa. Dan Allah kar ku haɗa su. Haka makaman da ake korarshi da su a littafin, ban da tafarnuwa yawancinsu kayan ibadar Kirista ne, kar ku ce za ku musanya su da ayoyi a cikin wasan dariya, kuma kar ku yi wasa da nasu ɗin. Ku bar shi baƙo daga nesa mai neman sayen gida, haka yake a asali ma.

Watan jiya na sake ɗaukar wurin gyaran gadon nan, ni da mutum biyu kawai, waya jingine da filas ɗin shayi, minti huɗu. Yaron yana yi wa ogansa bois not ƙasa-ƙasa yana cewa yallaɓai komai lafiya, mutumin kirki ne, a bayanshi kuma ta ƙofar da ba a rufe duka ba ana hango dogon mutum yana ninke bargo a hankali. Na ce wa mai fitowa a Dracula kar ya yi ko murmushi, kar ya kalli kyamara. Na nuna wa ƙanwata da daddare, ta yi dariya har ta riƙe ciki, da mutumin ya tsaya cak ya juyo da kanshi wajen ƙofar sai ta yi tsit, ta ce in mayar baya ta sake gani. Kashi na biyu nake rubutawa yanzu, wurin da yaron ke aski ya duba madubi bai ga kowa a bayanshi ba.