Yaron da ya sa na daina buga tebur

Shekarata huɗu ke nan ina koyar da 'yan nazire a wata makarantar kuɗi nan Jos wajen Bauchi Road, yara 38 ni kaɗai sai nani ɗaya mai kai su bayi, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 25. Amma wa ya aike ni in faɗa wa mai makaranta haka.

Farkon zuwana da tsumagiya nake shiga aji, ba wai ina dukansu sosai ba, in dai buga tebur su yi tsit. Tsit ɗin na minti biyu ne. Kafin in juya allo wannan ya mintsini wancan, wata ta ɓarke da kuka wai an cinye mata biskit, ni kuma in koma gida murya a dishe.

Akwai wani yaro da kullum ƙarfe tara na yi zai fara, ya hau benci, ya ja hijabin ta gabansa, har cizo yake. Mamansa cewa ta yi "Anti ki zane shi kawai, a gida ma haka yake." Wata safiya cikin Janairu, sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, na kamo hannunsa zan sa shi durƙuso sai na ji hannun kamar ƙanƙara, ko suwaita babu. Na ce ka karya? Ya girgiza kai. Ashe tun shida da rabi ake cusa shi a Keke da yayyensa, abincin kuma na cikin kula sai birek ƙarfe goma. Na buɗe masa, soyayyen dankali ne da ƙwai duk ya huce, ya zauna gefen kujerata ya cinye tas. Wallahi ranar har aka tashi ban sake kiran sunansa ba.

Ba fa waliyyi ya zama ba, har yanzu yana taɓa halinsa. Amma yanzu takwas da rabi kowa zai ɗan taɓa wani abu, kuma ba na barinsu zaune fiye da minti goma, sai mu miƙe a yi tafi a yi tsalle, hedimistires ta leƙo ta taga tana harara, in yi kamar ban gan ta ba. Shi kuma na naɗa shi mai rabon alli, ku zo ku ga yadda yake tafiya da gwangwanin kamar wani hakimi.

Tsumagiyar tana nan, da ita nake nuna musu ABC. Mamansa kam sai da na yi magana sau uku kafin suwaitar ta zo.