Kwana uku ina tafiya saboda tsuntsu biyu

Ni fa ƙidayar tsuntsaye a fadamun Hadeja da Nguru na koye ta, inda agwagi ke rufe ruwa ruf, ba ka ƙirga su ɗaya-ɗaya sai dai kashi-kashi, hamsin nan ɗari can. To da wannan jin kan na sauka Patagoniya, lardin Santa Kurus a can ƙasan Ajantina, na bi masu ƙidayar wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da mutanen wurin ke ce wa chorlito ceniciento, wato mai launin toka. Masana kuma Pluvianellus socialis suke kiransa, kuma a danginsa kaf shi kaɗai ne, bai da wa bai da ƙane.

Watan Disamba ne, wai bazararsu ke nan, amma iskar wurin wallahi sai ta nemi kayar da kai, takarda ma da ƙyar kake riƙe ta. Aikin shi ne ka zagaye tafkin gishiri a ƙafa, a hankali, idonka a kan tsakuwa. Tafki na farko ba komai, na biyu ba komai, na uku ma ya ƙafe ƙurmus sai farin gishiri, ni kuwa ban rubuta ko harafi ba tunda a ganina ba abin rubutawa. Da yamma matar da ke jagorantarmu ta karɓi littafina ta ga fayau, ta ce ina awa nawa ka yi, ina sifilin? Kunya ta kama ni. Ashe tafkin da aka duba ba a samu ba daban yake da wanda ba a je ba sam, in ba ka rubuta ba wa zai bambance? Ina ga irin wannan giɓin na cikin abin da ya sa aka daɗe ana hasashen tsuntsayen nan sun kai 1,500 zuwa 7,000, sai da aka zo aka bi tafki-tafki a Ajantina da Cile aka ga ko 500 ba su cika ba. A 2023 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta mayar da tsuntsun sahun masu fuskantar barazana, a 2024 kuma taron ƙasashen duniya kan dabbobi masu ƙaura da aka yi a Samarkand ta Uzbekistan ya sa shi a rukunin farko na masu buƙatar kariya.

Rana ta uku na gan su, biyu. Da farko tsakuwa na ɗauka har sai da ɗaya ya motsa. Ido ja wur, ƙafafu gajeru ruwan hoda, yana tafiya kamar kurciya, yana juya ƴan duwatsu da baki, can sai ya hau tono laka da ƙafa yana jujjuyawa wuri ɗaya kamar wanda ya yar da kuɗi. Na zauna a ƙasa na manta da sanyi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗansa yake ba abinci daga maƙoshi irin na tattabara, abin da sauran tsuntsayen bakin ruwa ba sa yi, kuma ƙwai biyu yake yi amma galibi ɗa ɗaya ke rayuwa, ka ga kuwa ƙaruwa za ta yi wuya.

Sheƙar ma ba sheƙa ba ce, ɗan kwarmi ne a tsakuwa, saura taku biyu in taka wata da abokin tafiyata bai riƙo rigata ba. Ko'ina a gefenta sawun tumaki ne, don nan suke sauka shan ruwa. Daga ranar na daina saurin da na zo da shi, kafin in ɗaga ƙafa sai na duba inda zan sauke ta.

Lokacin sanyi suna barin tafkunan su gangara bakin teku, irin mashigar kogin Gallegos, can ne suke ɗan taruwa. Na so in tsaya in gan su a garke ko da ashirin ne, bizata ce ta ƙare.